Iyon da Na Ɗauko wa Sagiru daga Ingila

Mutumin farko da ya cuce ni a Ingila da Hausa ya cuce ni. Ina tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Landan, fantimoti a hannu, wando fantalo, suma ta tashi kamar kwando, hula a ɗore a kanta, ina jin kaina wani ƙwaro, sai na ji an ce, "Ɗan Kano, sannu da hanya." Wallahi kamar in rungume shi. Ya ce shi ma ɗan Arewa ne, ya daɗe a ƙasar. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "A haka za ka hau jirgi? Garin da za ka, sanyi har kunne yake cirewa." Ya zaro wata baƙar kwat mai sheƙi daga jaka, wai ta ƙanensa ce da ya koma gida, zai bar min saboda zumunci. Na biya ina godiya, har da sa albarka. Sai da jirgi ya sauke ni garin makarantarmu na gane rigar ruwa ce ta roba, irin ta masu gadi. Iska ta shiga ta wuya ta fita ta ƙafa. Ko ƙofar makaranta ban gani ba an yi min sakiyar da ba ruwa.

Gwamnati ce ta turo ni kwas na koyar da wasannin motsa jiki, don ni a kwaleji gudu ne sana'ata. Mudi Jirgi ake ce min. Ran da sunana ya fito na yi ta cika baki a unguwarmu Gyaɗi-Gyaɗi cewa zan dawo ina magana ta hanci. To ga hancin nan yana yoyo, ga ni ina bin gidaje ina neman ɗakin haya. Wasu su leƙo ta taga su saki labule. Wani ya buɗe ƙofa, ya kalli fuskata, ya ce an riga an kama ɗakin, alhali allon neman ɗan haya yana rataye a saitin kansa.

Wata tsohuwa ce ta karɓe ni, Misis Bel, mijinta ya rasu. Ba ta da fara'a ko ta sisi. Ta nuna min ɗaki a can sama, ta lissafa min dokoki kamar alƙali, sannan ta kama hannun rigar robar nan da yatsa biyu ta ce, "Wa ya sayar maka da wannan?" Na ce wani ɗan'uwana. Ta ce, "Allah ya raba ka da 'yan'uwa." Ta hau sama ta sauko da kwat ɗin mijinta, mai nauyi kamar bargo, tana warin taba, hannun bai kai min wuyan hannu ba. Ita na sa har na bar ƙasar.

Abinci kuwa sai dai a ci don kar a mutu. Dankali dafaffe, ganye dafaffe, ko barkono bai gifta ta kusa da tukunyar ba. Amma ba abincin ne ya fi gajiyar da ni ba, ruwan sama ne. Ƙasar nan kullum yayyafi. Ni kuma a gidanmu, in hadari ya haɗo, abu ɗaya ne yake zuwa ran kowa: ina Sagiru?

Sagiru ƙanena ne, autanmu, lokacin shekararsa bakwai. Ba ya magana, ba ya kallon idon mutum. In ka taɓa shi ba shiri sai ya fizge. Yana karkaɗa hannu a gaban fuskarsa yana wani gunji a maƙogwaro, kamar injin niƙa daga nesa. In hayaniya ta yi yawa ya toshe kunne da hannu biyu ya durƙushe. An sha rubutu, an yi hayaƙi, wasu sun ce iska ce, wasu sun ce wauta. Inna, mahaifiyarmu, ta ce ita dai ɗanta ne. Abu ɗaya yake so a duniya, ruwa. Bayan gidanmu kuwa akwai kududdufin da aka haƙi ƙasar ginin rabin unguwa a ciki. Da rani awaki ne ke kiwo a ciki, da damina ya cika ya shanye dogon mutum. Sagiru in ya ga ƙofa a buɗe can ya nufa, ba ya ko waige. Baba direban babbar mota ne, kullum yana hanyar Kudu. Ƙannena mata ba su da ƙafata. Ni ne mai kamo shi. Gudun nan da ya kai ni Ingila, rabinsa a bayan Sagiru na koye shi.

To ka ga ni a ɗakin Misis Bel, ruwa yana bugun taga, ina cewa a raina kududdufi ya ƙaru, alhali a Kano rani ake tsaka.

Ba wanda ya gaya min a kwas ɗin nan akwai iyo. Mu a gidanmu ko bakin rijiya aka gan ka sai ka sha carbin Inna. Ran farko aka kai mu wani tafki na siminti a cikin ƙaton ɗaki, ruwa garau yana warin magani, aka miƙo min wani ɗan kamfai da ko a banɗaki zan ji kunyar sa shi. Ga 'yan mata a ajin. Malamin ya busa usur, kowa ya faɗa, ni ma don kar a raina Kano na faɗa. Na tafi ƙasa kamar an jefa turmi. Da wata doguwar sanda mai ƙugiya aka jawo ni. Daga ran nan Jirgi ya mutu, 'yan ajinmu suka sa min Dutse. Malamin ya ce in dinga zuwa ran Asabar da safe ina koyo ni kaɗai a ɓangaren da ba zurfi.

A nan na gan su. Ran Asabar wata makaranta takan kawo yara, kowane yaro da babba guda a tare da shi. Ina riƙe da bakin tafki ina wutsil-wutsil da ƙafa, sai na ji gunjin nan. Na juyo da sauri har na sha ruwa. Wani ɗan Bature ne mai jan gashi, yana zaune a gefe yana karkaɗa hannu a gaban fuskarsa, sak Sagiru. Ni da na ɗauka namu ne kaɗai a duniya. Ashe har iskar tana da fasfo.

Na yi makonni ina satar kallonsu. Abin da ya fara ba ni mamaki, ba usur, ba tsawa. Wata mata mai furfura da suke kira Madam Doris ita ce babbarsu, maganarta ma da ƙyar ake ji.

Ana haka Isyaku ya zo. Ɗan Tarauni ne, tare muka yi firamare, an turo shi kwas na aikin jirgin ƙasa a wani gari. Ya shigo ɗakina ya ga kwat ɗin a rataye ya ce, "Mutumina, gadon wa ka ci?"

Na ce, "Ƙauyawan Tarauni har an fara ba ku fasfo?"

Ya zazzage saƙon Inna a kan gado, yaji da kuka da daddawa. Na buɗe ƙullin yajin na shaƙa, na yi atishawa, hawaye ya zubo, na ce yajin ne. Muka yi ta hira, wane ya yi aure, an fara gini a gonakin hanyar Zariya. Sai na ce, "Sagiru fa?"

Ya sosa ƙeya. "Yana nan lafiya. Yanzu dai."

"Me ye yanzu dai?"

"Da daminar nan ya faɗa. Masu yin tubali ne suka tsamo shi, suka kifa shi a kan turmi har ya amayar da ruwan. Inna ta ce kar a gaya maka, kar karatunka ya lalace. Ni kuma ka san bakina." Sannan ya ce, "Yanzu igiya suke ɗaura mai a ƙafa. Doguwa ce dai, tana kai shi har zaure."

Ran nan miyar kukar da na yi ta ƙone, Misis Bel ta buɗe tagogin gidan kaf tana tambaya me ya mutu a kicin.

Asabar na zagayowa na tari Madam Doris da kamfaina yana ɗiga. Turancina duk ya watse. Na ce ina da ƙane irin wancan mai jan gashin. Ta ce sunansa Kolin, abin da ke tare da shi kuma otizim suke ce mai, haka ake haihuwarsu, ba laifin kowa ba ne. Na ba ta labarin kududdufi da igiya, ina jira ta ce mu mugaye ne. Ba ta ce ba. Ta ce, "Igiya tana aiki, sai ran da aka manta. Irin yaran nan da yawansu ruwa yana jan su, ba kuma za ka raba su da shi ba. Mu nan ba gwanaye muke so su zama ba. Yaro in ya faɗa ya juya rigingine ya yi numfashi, ya nemi gefe, ya fita. Shi kenan aikinmu."

Na ce a raina, iya ruwa fid da kai. Mu muke da karin maganar, su suke koya wa 'ya'yansu.

Ta ce, "Ka iya iyo?"

Na ce, "Dutse ake ce min."

Ta ce, "To tare za ku koya. Hannu muke nema."

Kar ka ɗauka daɗi ne. Ni aka haɗa da Kolin, ran farko ya gantsara min cizo a kafaɗa don na ɗauke shi cak yadda muke ɗaukar yara a gida. Madam ta ce, "Ba a ɗaukarsa. Ka tsaya inda zai gan ka, ka miƙa hannu, ka jira." Na tsaya a ruwa ina jira har leɓena ya yi shuɗi. Komai a jere yake, ba a sauya shi: yaro ya zauna a gefe, babba ya bugi ruwa da tafin hannu, yaro ya shigo, a hura ruwa da baki, a kwanta rigingine tafin hannunka a ƙarƙashin ƙeyarsa, sannan a koma gefe a hau. Ka tsallake ɗaya, ranar ta lalace. Wani makon ka ga kamar an ci gaba, wani makon Kolin ya ƙi ko cire safa. In na fito na hau bas kaina yana jingine da gilashi, ga karatun makaranta yana jirana. Azumi ya zo a lokacin da ranarsu ba ta son faɗuwa, ina cikin ruwa baki a rufe gam ina tsoron kar ya wuce min, ƙishirwa kamar ta kashe ni a tsakiyar tafki.

Wata rana ina tallafe da ƙeyar Kolin, kunnuwansa a nutse, sai na ji jikinsa ya saki gaba ɗaya. Yaron da kullum yake a ɗaure kamar itace. Madam ta matso ta ce a hankali, "Can ƙasa ba ya jin mu. Duniya ta yi mai shiru. Zare hannunka kaɗan kaɗan." Na zare. Ya tsaya a saman ruwa yana kallon rufi yana gunjinsa. Ni ne na kusa nutsewa don murna.

Da aka kusa ƙarshen shekara Madam ta ce a kawo yaran da kayan jikinsu, riga da wando. Ta ce ba yaron da yake tuɓewa kafin ya faɗa kogi. Ran da zan taho ba ta yi min wani dogon jawabi ba. Ta ce, "Ƙanenka ba Kolin ba ne, zai ɗau nasa lokacin. Kar ka gaji a gabansa, ka bari sai ka koma gida."

Na dawo Kano da rani, ba magana ta hanci, sai ramewa. Na tarar da Sagiru a tsakar gida, ya yi tsawo, ƙafarsa ta yi kanta inda igiya take. Bai kalle ni ba. Ya dai zo ya shinshina hannun rigata ya koma.

Da na faɗa wa Inna abin da nake so in yi, ta ajiye muciya. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗar sunana. Ta ce, "Kai wannan. Shekara da shekaru muna raba shi da ruwa, kai ka haye teku ka dawo ka ce a kai shi? Abin da aka tura ka koyowa kenan?"

Na ce, "Inna, ba kullum za a tuna da igiya ba."

"Ni nake ɗaurawa. Ni ba na mantuwa."

Baba ne ya raba gardamar da ya dawo daga tafiya. Ya ce, "A bar shi ya gwada, tunda gwamnati ma ta gwada shi." In za mu fita Inna ta kwance igiyar ta juya mana baya.

Wurin iyon da ke otal na Turawa ne da manyan ma'aikata, mai gadi ya kalli Sagiru sau ɗaya ya nuna mana hanya. Isyaku ne, da shi ma ya dawo gida, ya kai ni gun kawunsa mai buga bulo a Tarauni, yana da tankin siminti da ake tara ruwan famfo, ruwan ya kawo min ƙirji. Alhajin ya ce, "In dai ba sabulu za ku sa min ba, ku yi ta yi." Kullum da safe in ɗora Sagiru a keke mu tafi. Leburori suna ta tsiya, "Bature, yau ma wankan jego?" Na roƙe su su dinga yin tsiyar a hankali, suka koma yi da raɗa, abin ya fi ban haushi. Sagiru ya cije ni, ya yaƙushe ni, ya sha ruwan tankin nan har na ji tsoron Alhaji zai ce mu biya. Zama a gefe ya jira ni, wannan da ƙyar. Amma kwanciya rigingine kamar da ita aka haife shi. Kafin hadari ya fara haɗowa yana yi da rigarsa a jiki, ya kai gefe ya hau.

Damina ta sauka, kududdufi ya cika. Ƙanwata Hajara ta dawo gida ta haihu. Ran suna gida ya cika da dangin mijinta, aka yi wa Sagiru wanka, aka sa mai sabuwar riga da takalmi sau-ciki. Inna ta kalli igiyar, ta kalli baƙi, ta ji nauyin surukai su ga ɗanta a ɗaure kamar ɗan akuya. Ta kwance ta ce 'yan mata su sa ido. Ni ina waje ina rabon goro. Mata suka rangaɗa guɗa, maroƙi ya saki kalangu a zaure. Ba wanda ya ga fitarsa.

Ihun wata yarinya muka ji daga bayan gida. Ko da na isa, rabin taron suna ya riga ya cika bakin kududdufi. Sagiru yana can ciki, nesa da gefe, a rigingine, rigar ta kumbura a kansa. Bai jira kowa ya buga mai ruwa ba, wannan darasin bai zauna ba. Amma yana sama, yana numfashi.

Mutane kuwa abin da aka saba suke yi. Salati ake da ƙarfi, ana kiran sunansa ta ko'ina, wani yana buga gora a ruwa, samari biyu suna tuɓe riga. Na ga ya ɗago kai zai nemi gefe. Kunnensa na fitowa hayaniyar ta dake shi, ya kai hannu biyu ya toshe, ya nutse. Ya taso yana tari, ya sake juyawa rigingine. Ya ƙara ɗagowa, ya ƙara nutsewa. Ƙafarsa kuma sai ƙasa take yi. Na riƙe samarin nan na ce kar wanda ya shiga, in kuka cafke shi kokawa zai yi da ku ku tafi tare. Ina cewa a yi shiru, a yi shiru, muryata ta zama ƙarin hayaniya. Wa zai ji yaron da ya dawo daga Turai yana hana mutane salati?

Sai ga Inna. Matar da mazan unguwa ba su taɓa ganin fuskarta da rana ba, ba takalmi, mayafi a hannu. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya ta kalli ɗanta ya ɗago ya toshe kunne ya nutse. Ta ratsa maza ta je gaban liman ta rusuna ta ce, "Malam, don Allah a mayar da salatin zuci. Ƙarar ce take nutsar da shi."

Liman ya kalle ta, ya ɗaga hannu. Shirun ya bi taron daga gaba zuwa baya, har mai kalangu. Sai kukan kwaɗi, sai gunjin Sagiru siriri a saman ruwa.

Na shiga a hankali, laka tana riƙe min ƙafa, na yi iyo na zagaya inda zai gan ni. Ban taɓa shi ba. Na bugi ruwa da tafin hannu yadda muke yi a tanki. Ya juyo da ido. Na sa hannu a ƙarƙashin ƙeyarsa, muka taho gefe, shi yana ɗan harba ƙafa da ƙyar, ni ina ja da baya. Da gwiwarsa ta taɓa ƙasa ya rarrafa ya hau da kansa, ya zauna a cikin laka yana kallon yatsunsa. Ba wanda ya ce uffan har Inna ta yafa mai mayafinta suka shige gida.

Na daɗe a zaune a gun, Isyaku yana tsaye a kaina yana cewa, "Dutse ya yi iyo, Tarauni ta shaida."

Da la'asar baƙi sun ragu, na shiga cikin gida. Sagiru yana bacci a tabarma. Inna tana durƙushe tana wanke sabuwar rigar, ruwan ya yi ja da laka. Na tsaya ina jira ko za ta ce wani abu, godiya ko faɗa. Ta matse rigar ta shanya, sannan ba tare da ta kalle ni ba ta ce, "Kai wannan."

"Na'am, Inna."

"Ba ka koya mai da takalmi ba. Ina kallo, su ne suke jan ƙafarsa."

Na ce, "Haka ne."

Ta ɗauko takalman daga kan katanga, har yanzu suna ɗiga, ta dangwarar a gabana.

"Gobe ku tafi da su."